Mazubi shida a shekara takwas: nazarin renon wata bishiyar bonsai

Ranar da na ciro bishiyar daga kaskonta, bayan ta shekara biyu a ciki, sai da na zagaye bakin kaskon da wuƙa har sau uku kafin ta yarda ta fito. Da ta fito kuwa, kusan babu ƙasa a jikinta. Saiwoyi ne suka cure, suka ɗauki siffar kaskon sak, har da kusurwoyinsa huɗu da shatin ramuka biyu na fitar ruwa da ke ƙarƙashinsa. Guda uku masu kaurin fensir sun bi bango suna ta zagaye, sun hau kan juna kamar gammo. Na ɗauko zaren da na auna gindinta da shi ranar dashe, wanda na yi wa ƙulli daidai inda ya haɗe, na sake zagayawa da shi. Ƙarin da aka samu bai kai faɗin farce ba. Shekara biyu ina ban ruwa safe da yamma, ina sa taki, ina juya ta don kowane gefe ya sami rana, amma gindin yana nan yadda na same shi.

Daga ranar na fara rubuta duk abin da na yi wa bishiyar, musamman mazubin da na sa ta a ciki da dalilin sa ta. Zuwa yau ta zauna a mazubi shida. Biyu na farko kuskure ne, na biyun ma saura ƙiris ya kashe ta.

Bishiyar da kaskon farko

Irin da masana tsirrai ke kira Ficus microcarpa ce, 'yar dangin ɓaure da cediya, asalinta daga yankunan Asiya masu ɗumi har zuwa arewacin Ostireliya. Masu fara bonsai, wato renon bishiya a mazubi ta zauna 'yar ƙarama amma ta yi kama da tsohuwa, sun fi riƙe ta saboda juriyarta: a sare ta ta yi toho, a yanke mata saiwa ta fitar da wata. Tawa daga reshe aka tayar da ita. Lokacin da ta zo hannuna tsawonta santimita 35 ne, gindinta kamar babban yatsa, a miƙe sambal kamar sanda.

Kafin a zo maganar rassa, abu biyu ke sa ƙaramar bishiya ta yi kama da tsohuwa. Akwai gindi mai kauri da ke sirancewa yayin da yake hawa sama, akwai kuma saiwoyin da ke bayyana a saman ƙasa, su bazu ta kowane gefe kamar yatsun hannun da aka dafa, abin da Japanawa ke kira nebari. Masu sana'ar suna yawan ambaton wani ƙiyasi, cewa tsawon bishiya ya zama kamar ninki shida na kaurin gindinta. Ba doka ba ce, amma tana nuna wa mutum inda yake. Da wannan lissafi, bishiya mai tsawon tawa tana buƙatar gindi mai faɗin kusan santimita 6. Nata bai cika 2 ba.

Duk da haka, a makon da na same ta na dasa ta a kasko. Kasko ne mai kyau, shuɗi, mai ƙyalli, tsawonsa santimita 22, zurfinsa 4 kacal. Kalmar bonsai kanta ma'anarta shuka a faranti, kuma duk hoton da na taɓa gani na bishiya ce a kasko mara zurfi, irin waɗanda ake jerawa a baje kolin Kokufu da ake yi a Tokyo tun 1934. Hoton ba ya nuna shekarun da bishiyar ta yi kafin ta kai wannan kasko, a gona, a akwatin katako, a tukunyar yumɓu mara ado da ba wanda zai damu ya ɗauke ta hoto. Kaskon baje koli masauki ne na ƙarshe. Da gangan aka yi shi ƙarami domin ya taƙaita saiwa. Idan saiwa ta taƙaita sai girma ya ragu, ganye ya ƙanƙance, tazarar da ke tsakanin ganye da ganye ta gajarce. Wannan ake so ga bishiyar da ta riga ta yi gindi, aka gama tsara manyan rassanta. Ga wadda ake nema wa kauri kuwa, takunkumi ne.

Saboda haka ba na ɗora wa kaskon laifi, aikinsa ya yi. Ganyen bishiyata ya ƙanƙance ya yi kyau, duk wanda ya gani sai ya yaba, kuma yabon nan yana cikin abin da ya jinkirta ni. Kauri daga ganye yake zuwa. Ganye ne ke haɗa abincin da ke gangarowa ta ƙarƙashin ɓawo ya ƙara wa gangar jiki nama, ganye mai yawa kuma ba ya samuwa sai da saiwa mai yawa da ke da wurin miƙewa. Ni kuwa na matse saiwa, ina kuma aske rassa kowane wata don ta riƙe siffa. Ta ina kaurin zai fito?

Bokiti

Da na gane haka sai na wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren. Na sami baƙin bokitin roba mai cin lita 20, na huda masa ramuka biyar a ƙasa da ƙusa mai zafi. Na zuba tsakuwa kamar faɗin tafin hannu a gindi, don na sha jin cewa tana taimaka wa ruwa wucewa, na cika sauran da ƙasar lambu da ruɓaɓɓen taki. Cikin saiwoyin nan uku da suka yi gammo na yanke biyu, na bar ɗaya saboda tsoron kada yankan ya yi mata yawa. Na dasa ta a tsakiya, na ajiye a inda rana ke duka tun hantsi har la'asar.

Wata biyun farko kamar abin zai yi kyau, ta fitar da sabbin rassa dogaye. A wata na uku ganyen ƙasa ya fara rawaya. Na ɗauka ƙishirwa ce, domin saman ƙasar a bushe yake ƙamas har ya tsattsage, sai na ƙara ruwa. Ganye ya ci gaba da zuba, wani ma yana kore shar yake faɗuwa. Zuwa wata na biyar rabin bishiyar ya zama tsirara, sabon toho yana fitowa ya yi baƙi tun bai buɗe ba. Garin neman ƙiba na samo rama.

Na ɗauke ta da bokitin na kai wa wani dattijo da ya daɗe yana renon irin waɗannan bishiyoyi. Bai ko dubi ganyen ba. Ya ɗaga bokitin ya ji nauyinsa, ya zura wani siririn tsinken gora har ƙasa, ya zaro, ya kai hanci.

Na ce, "Baba, ko taki ne ya yi mata kaɗan? Na ga kamar yunwa ce."

Ya miƙo mini tsinken ya ce, "Sansana, ɗana." Wari ne mai tsami irin na kwata. Ya ce, "Wanda numfashi ke gagara ba abinci yake nema ba. Yaushe rabonka da ka ga ƙasan bokitin nan a bushe?"

Ban taɓa dubawa ba. Muka kifar da bokitin a kan buhu. Saman ƙasar kamar faɗin yatsa uku a bushe yake, daga nan har kan tsakuwar taɓo ne baƙi mai sanyi. Saiwoyin da suka gangara cikinsa sun yi laushi, in ka ja sai fatar ta sulluɓe ta bar wani farin zare a tsakiya. Ga kuma wani abu daban: a gefen bokitin da ke fuskantar rana da yamma, duk saiwar da ta taɓa bango ta bushe ta yi ƙasa-ƙasa, kamar an gasa ta. Ruwa ya kashe na ƙasa, zafi ya kashe na gefe. Abin da ya rage da rai bai fi cikin tafin hannu ba.

A nan yawancin mutane ke ruɗewa, ni ma sai daga baya na fahimci abin sosai. Ka jiƙa soso sharkaf, ka kwantar da shi a tafin hannu har ya daina ɗiga, sannan ka tayar da shi tsaye. Zai sake ɗiga. Ruwan da ya rage kuma zai taru a can ƙasansa, ya ƙi sauka, alhali babu abin da ya tare shi. Haka ƙasa take a cikin kowane mazubi. Bayan ban ruwa akwai wani sashe a gindi da ke zama cike da ruwa, komai yawan ramukan da aka huda, saboda ƙananan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa suna riƙe ruwan da ƙarfin da ya fi nauyinsa. Tsayin wannan sashe ya danganta da laushin ƙasar. Mai laushi kamar gari tana riƙe ruwa har sama sosai, mai tsakuwa-tsakuwa kaɗan take riƙewa. Zurfin mazubin ba ya canja tsayin sashen. Shi ya sa kasko mara zurfi ya fi doguwar tukunya jiƙewa in dai ƙasarsu iri ɗaya ce, ko da yake ido zai ce akasin haka. Shi ya sa kuma masu bonsai suka koma ga ƙasa mai ƙwaya-ƙwaya, irin akadama, yumɓun da ake haƙowa a Japan a busar a tankaɗe, da famis, dutsen nan mara nauyi mai ƙofofi da duwatsu masu aman wuta ke fitarwa.

Tsakuwar da na zuba a gindi ba ta rage komai ba. Ruwa ba ya tsallakawa daga ƙasa mai laushi zuwa tsakuwa sai ƙasar ta cika ta batse, don haka abin da na yi kawai shi ne ɗago sashen nan mai ruwa zuwa sama, kusa da saiwa. Ga kuma girman bokitin. A cikin mazubi saiwa ce babbar mai shanye ruwa, ita ke busar da ƙasa har iska ta sami hanyar shiga. Bishiyar da saiwarta ba ta fi dunƙulen hannu ba, aka sa ta cikin lita 20 na ƙasa, ba za ta shanye ruwan ba kafin a ƙara wani. Saiwa kuwa numfashi take yi, tana buƙatar iskar oksijin. In ta rasa ta kwana da kwanaki sai ta mutu, ƙwayoyin ruɓa su ƙarasa ta. Abin tausayi shi ne alamar da bishiyar ke nunawa a sama iri ɗaya ce da ta ƙishirwa, tunda ruɓaɓɓiyar saiwa ba ta iya tura ruwa. Mai ita ya ga ganye ya yanƙwane, sai ya ƙara ambaliya.

Baƙar roba kuma zafin rana take zuƙa. Ƙasar da ke manne da bangon baƙin mazubi a gefen rana tana iya haura digiri 50 a ma'aunin Salsiyas, saiwa kuwa tun kafin a kai nan take fara lalacewa.

Wata bakwai a tukunyar yumɓu

Dattijon bai yi dogon bayani ba. Ya yanke duk abin da ya ruɓe har sai da almakashi ya kai ga farin nama, ya wanke sauran, ya rage rassan sama su yi daidai da 'yar saiwar da ta rage. Ya ɗauko wata 'yar tukunyar yumɓu mara shafi, wadda saiwar ta kusa taɓa bangonta ta ko'ina. Ya rufe ramin ƙasa da raga, ya naɗe waya a jikin wani guntun ƙarfe a ƙarƙashin ramin ya zuro bakunanta biyu ciki, ya cika da famis zalla da aka tankaɗe ƙurarsa, sannan ya ɗaure gindin tam, har kana iya riƙe bishiyar ka ɗaga tukunyar da ita. Ya ce in ajiye ta a inuwa mai haske, kada in sa taki sai sabon ganye ya buɗe, kada kuma in ba ta ruwa sai tsinke ya fito da ɗan danshi kawai.

Na raina ɗaurin nan a lokacin. Daga baya na ga amfaninsa. Sabuwar saiwa siririya ce kamar gashi, iska kaɗan ta kaɗa bishiyar da ba a ɗaure ba sai ta tsinke, a koma gidan jiya. Tun ranar ban ƙara dasa bishiya a kowane mazubi ba sai na ɗaure ta.

Yumɓun da ba a shafe ba yana tsotsar ruwa ya fitar ta bango, ƙasar ciki ta bushe da wuri, ta kuma yi sanyi. Garin Tokoname na Japan, da ya shahara da kasaken bonsai masu daraja, yana yin irin waɗannan tukwane marasa ado musamman don reno. Bayan mako uku toho ya fito. A wata na bakwai fararen saiwoyi suka leƙo ta ramin ƙasa.

Kwando

Sai a shekara ta huɗu renon gaskiya ya fara. Na sa ta a kwandon roba mai huji ta ko'ina, irin na tsane ruwa, faɗinsa santimita 28, zurfinsa 12. Ƙasar haɗin famis ce da jan dutsen aman wuta da ɗan ɓawon itace, duk an tankaɗe, ƙwayoyin tsakanin milimita 3 zuwa 6.

Dabarar kwando tana cikin abin da ke faruwa da bakin saiwa. Idan ya tarar da bango mai santsi, lanƙwasa yake yi ya bi bangon, ya yi ta tafiya yana tsawo yana kauri, ƙananan saiwoyin da ke shan ruwa kuma su taru can a ƙarshensa, nesa da gindi. Ranar da ka zo rage irin wannan saiwa, ka yanke duk masu ciyar da bishiyar ke nan. A kwando kuwa bakin saiwar yana leƙowa ta huji ya haɗu da busasshiyar iska, ya bushe ya mutu. Muddin bakin yana raye yana danne fitowar rassa a bayansa, da ya mutu sai saiwar ta fitar da 'ya'ya da yawa a ciki. Kowannensu ya je bango, shi ma iska ta datse shi, ya sake rabuwa. Iska ce ke yin aikin almakashi kullum, ba tare da an tono bishiyar ba. Masu renon baƙin fayin na Japan (wata bishiya mai ganye kamar allura) daga iri sun daɗe suna amfani da wannan hanya, har idan kwando ya cika sukan saka shi gaba ɗaya cikin wanda ya fi shi girma, ba tare da sun taɓa saiwar ba.

Amma kwando bawansa yake so. A lokacin zafi sau biyu, wata rana sau uku nake ban ruwa. Sau ɗaya na yi tafiyar kwana guda, wanda na bar wa amana ya ba ta ruwa da safe kawai, na dawo na tarar da sabbin ganyen sun ƙone a baki. Taki ma ba ya zama, ruwa na wanke shi, dole na riƙa ɗora dunƙulen taki a saman ƙasar ina sabuntawa kowane wata. Robar kanta rana tana cin ta, a shekara ta biyu bakin kwandon ya fara karyewa da an ɗaga.

A wannan shekara ta biyu na ɗora kwandon a kan ƙasar lambu, na ɗan nutsar da gindinsa, domin saiwoyin ƙasa su tsere su shiga fili. Na kuma bar wani reshe na can ƙasa ya yi ta tafiya ba yanka, irin wanda ake bari don ya kumbura gindi sannan a sare shi. Ya haura mita ɗaya da rabi. A nan ne na ga abin da na yi shekaru ina nema: ɓawon gindin ya tsattsage saboda saurin girma, faɗinsa ya tashi daga santimita 2 zuwa 4 da rabi.

A nan ne kuma na yi kuskure na uku, ƙarami idan aka kwatanta da na baya, amma tabonsa na nan. Ya kamata in riƙa ɗaga kwandon duk bayan wata biyu ko uku in datse abin da ya fita. Daɗin ganin girma ya sa na bar shi wata takwas. Da na zo ɗagawa ya ƙi motsi. Saiwa guda ce ta riƙe shi, mai kaurin babban yatsa, kuma da na bi ta har gindi sai na ga ita ce wadda na ji tsoron yankewa ranar da na fitar da bishiyar daga kasko. Ta tsira daga ruɓar bokiti, ta sami fili, ta ƙwace ƙarfin bishiyar. Gefenta ya kumbura, ɗaya gefen ya zauna da 'yan siraran saiwoyi, wani wuri ma babu ko ɗaya. A ganina ba hanyar da ta kai kwando a kan ƙasa saurin kawo kauri, amma ba ta raba ƙarfi daidai, sai mai ita ya tsaya a kai.

Akwatin katako

Kwandon sai da na yayyanka shi kafin in raba shi da saiwa. Abin da ke ciki ya faranta mini rai: curi ne na ƙananan saiwoyi tun daga jikin gindi, ba ko ɗaya mai zagaye. Da irin wannan curi ana iya yanka ba fargaba.

Na haɗa akwati da kaina, cikinsa santimita 45 da 40, zurfinsa 12. Ƙasansa faifan katako ne da tazarar yatsa a tsakaninsu, na shimfiɗa raga a kai, na sa masa ƙafafu biyu don iska ta bi ta ƙarƙashi. Da sukurori na haɗa shi maimakon ƙusa, domin ranar fitarwa a kwance gefe ɗaya kawai. Na yi aikin a tsakiyar lokacin ɗumi, sa'ad da take cikin girma, domin haka dangin ɓaure suke so. Bishiyoyin ƙasashen sanyi masu zubar da ganye kuwa ana taɓa saiwarsu ne a ƙarshen hunturu, lokacin da idon toho ya fara kumbura.

Na wanke saiwar, na kifa bishiyar, na aske duk abin da ke kallon ƙasa har gindin ya zama shafaffe. Babbar saiwar nan na datse ta da zarto, na bar santimita 3 kawai. Na ɗora gindin a kan wani guntun tayil, na taje sauran saiwoyin da tsinke suka bazu kamar ƙafafun keke, na danne kowace da lanƙwasasshiyar waya. A gefen da ba komai na kawo 'yan tsirrai biyu da na tayar daga yankan dogon reshen nan, na ɗan kankare ɓawo a jikinsu da jikin gindin, na manna su na kafe, domin dangin ɓaure suna saurin haɗewa da juna. Sannan na rufe komai da ƙasa kamar santimita 2. Mutum yana ɗokin ganin nebari a fili, amma saiwar da aka bari a rana tun tana ƙarama bushewa take yi.

Faɗi da rashin zurfi su ne amfanin akwati. Saiwar da tayil ya hana gangarawa dole ta tafi gefe, kuma yayin da take kauri tana jan gindin ya buɗe kamar bakin ƙaho. Tana kuma sabawa tun yanzu da zama a shimfiɗe, yadda za ta zauna a kasko. Katako ba ya ɗaukar zafi kamar roba. Akwai wani amfanin da ban zata ba: duk inda nake son jan reshe ƙasa, sai in ɗaura sukuru a gefen akwatin in ja waya zuwa gare shi. Bayan wata uku, da na ga ta kama, na sare gangar jikin a tsayin santimita 14, farin ruwanta mai danƙo ya tsattsafo, na zaɓi toho ɗaya ya zama sabon kai. Daga nan ne sirancewar da ake nema ta fara fitowa.

Watannin farko na yi hattara da ruwa, domin kusurwoyin da saiwa ba ta kai ba suna daɗewa da danshi. Haɗarin bokiti ne ya dawo, sai dai ƙasa mai ƙwaya da buɗaɗɗen gindi sun rage shi ƙwarai. Akwatin yana da nauyi, kuma a ƙarshen shekara ta biyu katakon ƙasa ya fara ruɓewa.

Da na kwance shi, saiwar ta fito kamar tabarma, kaurinta bai wuce santimita 7 ba. Gindin ya kai 6 a saman saiwoyi. Ɗaya daga cikin tsirran da na manna ya haɗe, har sai ka duba sosai za ka ga wurin. Ɗayan ya bushe. Inda na datse babbar saiwa ya fitar da ƙanana huɗu, amma bakin yankan bai gama rufewa ba.

Inda take yanzu

Mazubi na shida tukunyar reno ce da ake yi a Koriya da haɗin ma'adinin maika da roba, mai siffar kaskon baje koli amma ta fi shi zurfi, tsawonta santimita 32, zurfinta 8. Ba ta fashewa, ana iya huda ta duk inda ake son zura waya. Na rage kashi ɗaya bisa uku na saiwar kafin ta shiga. Yanzu ne nake son abin da kaskon farko ya yi mini tun ban tashi so ba, wato girma ya lafa, ganye ya ƙanƙance, ƙananan rassa su yawaita. Ƙiyasin da aka saba bi wajen zaɓen kaskon ƙarshe shi ne tsawonsa ya zama kamar biyu bisa uku na tsawon bishiya, zurfinsa kuma kamar kaurin gindinta. Tawa tana santimita 40, ke nan kasko mai tsawon 27 da zurfin 6 take buƙata. Shuɗin kaskon nan ya yi mata kaɗan yanzu.

Cikin shekara takwas, uku sun tafi a banza, kuma irin bishiyar ce ta rufa mini asiri. Da fayin ce, da ba ta fita daga bokitin nan da rai ba. Ba kuma zan ce kowa ya bi kwando ba. Wanda ba zai iya ban ruwa sau biyu a rana ba, tukunyar yumɓu ta fi masa, ko ma tukunyar roba ta yau da kullum in ya ƙara mata ramuka, ya kare bangonta daga rana, ya riƙa ƙara girmanta kaɗan-kaɗan yadda saiwa za ta cika ta cikin kaka ɗaya. Ni dai yanzu kafin in ɗauko mazubi nakan tambayi kaina abin da nake son saiwar ta yi a shekara biyu masu zuwa, ta warke ne, ko ta rarrabu, ko ta tsere, ko ta shimfiɗu, ko ta lafa.

Gurbin da tsiro na biyu ya bari yana nan a gefen hagu, faɗinsa kamar yatsa biyu, kuma a gaban bishiyar yake, inda ido ke fara sauka. Na tayar da wani tsiron a cikin 'yar tukunyar yumɓun da dattijon ya ba ni, saiwarsa ta fara leƙowa ta ramin ƙasa. In ɗumi ya shigo zan buɗe ƙasar wannan gefe in manna shi. Kaskon ƙarshe sai bayan ya haɗe, aƙalla shekara biyu nan gaba.